Masu Kurar Ruwa a Shekarar Korona

A farkon Afrilun 2020 aka tabbatar da ɓullar korona a jihar Katsina, bayan rasuwar wani likita a Daura. Kafin watan ya ƙare, gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa dokar zaman gida a birnin Katsina. Umarnin da rediyo ke maimaitawa safe da yamma shi ne a yawaita wanke hannu da sabulu. Sai dai umarnin bai faɗi inda za a samo ruwan ba.

A unguwanni irin su Ƙofar Ƙaura, ruwan madatsar Ajiwa ba kullum yake isa famfon kowane gida ba. Wanda ke cike giɓin shi ne ɗan garuwa, mai tura kura ɗauke da jarkoki goma ko goma sha biyu daga rijiyar burtsatse zuwa ƙofar gida. Da yawa daga cikin masu wannan sana'a 'yan ci-rani ne daga ƙauyukan kudancin Nijar. Ma'aikaci na iya zama a gida albashinsa ya same shi, amma ranar da ɗan garuwa ya zauna, gidajen da yake kai wa ruwa ba su da na girki, balle na wanke hannu. Komawa gida ma ta yi musu wuya, domin Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa tun Agustan 2019, ba a kuma buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022.

Kiran waɗannan mutane baƙi na buƙatar bayani. Bayan da Ummarun Dallaje ya karɓi mulkin Katsina a 1807, zuriyar tsofaffin sarakunan Haɓe ta yi arewa, daga bisani ta kafa sarauta a Maraɗi. Sarautar Ƙaura, ta jagoran mayaƙa, wadda ƙofar ta samu suna daga gare ta, sananniya ce a fadojin biyu. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898, 1904 da 1906 ne suka ja layi tsakanin garuruwa biyu da tazararsu ba ta kai kilomita 100 ba. Tun daga nan, mutumin da kakansa ya san ganuwar Katsina ya zama ɗan wata ƙasa.

Dogaro da hannun baƙo a lokacin cuta ma ba sabon abu ba ne a nan. A ƙarshen shekarun 1930, ma'aikatan mishan na SIM ne suka karɓi kula da masu cutar kuturta a Babbar Ruga, kusa da birni, lokacin da jama'a ke gudun kusantar majinyatan.

Wasu ƙasashe sun mayar da godiyar korona doka. A Ingila, likitocin farko da cutar ta kashe 'yan asalin wasu ƙasashe ne, cikinsu da Dakta Alfa Sa'adu, ɗan Nijeriya. A Mayun 2020 gwamnati ta yafe wa baƙin ma'aikatan lafiya kuɗin da ake cajinsu na amfani da asibiti. Faransa kuwa, zuwa Satumban 2021, ta bai wa fiye da mutum 12,000 takardar zama ɗan ƙasa, har da masu shara da masu aikin kanti.

Ɗan garuwan Ƙofar Ƙaura ba takardar ɗan ƙasa ce ta dame shi ba. Abin da ya rasa ya fi wannan sauƙi: a lissafa shi cikin masu aikin da gari ba ya rayuwa sai da su, a sa sunansa idan ana rabon tallafi, a yi masa rigakafi kafin a tura shi gida-gida. Hausawa na cewa yaba kyauta tukwici. Annoba za ta sake zuwa, kuma ranar da ta zo, shi ne zai sake yin sallama da jarka a hannu.