3.2 Gidan Makama: Daga Gidan Sarauta Zuwa Gidan Tarihi

Gidan Makama yana cikin birnin Kano, dab da Ƙofar Kudu ta fadar Sarki. Ruwayoyin baka sun nuna cewa an gina shi ne a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa, lokacin da yake riƙe da sarautar Makama. Bayan da ya hau gadon sarauta a shekarar 1463, sai ya gina sabuwar fada, wato Gidan Rumfa, ya koma can, ya kuma yi mulki har zuwa 1499.

Abin lura shi ne, kusan duk sauyin mulkin da ya sami Kano ya bar alamarsa a wannan gida. A watan Fabrairu na 1903 sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka ci birnin, a lokacin da Sarki Alu ba ya gari. Turawa sun yi amfani da gidan a matsayin ofis na ɗan lokaci. Daga baya aka raba shi, wani sashe ya zama makarantar firamare, wani kuma gidan ajiye kayan tarihi. A 1959 gwamnati ta sanya shi cikin gine-ginen tarihi na ƙasa, kuma Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita ke kula da shi.

Mai ziyara zai fara shiga ta zaure, sa'an nan ya bi ɗakuna goma sha ɗaya, inda aka ajiye tsofaffin ƙyauren ƙofofin birni, da kayan yaƙi, da kayan kiɗa, da hotunan sarakuna da na hawan salla. Haka kuma akwai fili a ciki inda ake yin wasannin gargajiya da tarurruka.

Sai dai babban abin kallo shi ne ginin kansa, wanda aka yi da tubali da azara. Ginin ƙasa yana bukatar yaɓe akai-akai, domin damina ba ta raga masa. Wanda ya ga yadda ganuwar Kano ta zaizaye, mutane suka gine wasu sassanta, zai fahimci haɗarin. Saboda haka, kare Gidan Makama ya dogara ne ga raya sana'ar magina na gargajiya, domin idan suka ƙare, babu mai gyara shi yadda yake.