Tarihin Tumbatsar Maƙirgai a Cikin Kwamfuta

A cikin kowane furosesa na zamani akwai wasu 'yan maƙirgai da ba su da aiki sai ƙidayar abin da ke gudana: umarni nawa aka zartar, sau nawa aka nemi bayani a ma'ajiyar kusa aka rasa. Kamfanin Intel ya saka guda biyu a cikin Pentium a 1993, amma ya ɓoye bayaninsu, sai wanda ya sa hannu kan yarjejeniyar riƙe sirri. Wani masani ɗan ƙasar Norway, Terje Mathisen, ne ya bi diddigi ya tono su, ya buga a mujallar Byte a 1994.

Kowane maƙirgi yana da iyaka. Na Pentium bit 40 ne, wato yakan kai wajen tiriliyan ɗaya da ɗoriya, sannan ya koma sifili kamar mitar tsohuwar mota. Furosesa mai gudun megahaz 60 kan cika shi cikin kimanin awa biyar in bugunsa ake ƙirgawa. In ba a lura da lokacin da ya tumbatsa ba, lissafi ya ɓaci ke nan.

Dabarar da ta sauya al'amarin ita ce a jawo tumbatsar da gangan. Kanal, wato zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, sai ya ɗora maƙirgin saura dubu ɗari, alal misali, ya cika. Da ya cika sai furosesa ya katse duk abin da ake yi, kanal ya rubuta adireshin umarnin da aka tarar, ya mayar da maƙirgin inda ya faro, aiki ya ci gaba. In aka tara dubban irin wannan samfuri, wurin da manhaja ke ɓata lokaci yakan fito fili. Pentium Pro na 1995 ya zo da wannan katsewa, injiniyoyin kamfanin Digital kuma suka gina tsarin awo mai suna DCPI a kan furosesan Alpha, suka gabatar da shi a 1997.

Sai dai akwai mishkila. Kafin katsewar ta iso, furosesa ya riga ya yi gaba, sai laifin ya faɗa kan umarnin da bai ji ba bai gani ba. Don magance wannan zamiya Intel ya fito da PEBS a Pentium 4, inda furosesa da kansa ke adana samfurin, AMD kuma ya kawo IBS a 2007.

A kanal ɗin Linux an daɗe ana ja-in-ja kan yadda za a yi amfani da maƙirgan nan. Tsarin OProfile na John Levon ya shiga kanal ɗin a 2002, yana amfani da katsewar da ba a iya toshewa, don a leƙa har sassan kanal da suka kulle ƙofa. Stephane Eranian ya shafe shekaru yana gina wani tsarin mai suna perfmon2, amma a Disamban 2008 Ingo Molnar da Thomas Gleixner suka kawo nasu tsarin, shi ne kuma ya shiga Linux 2.6.31 a 2009, wanda a yau aka sani da suna perf. Hukuncin bai yi wa kowa daɗi ba.

Katsewa ma tana da tsada. In ta yi yawa, kwamfuta takan shagala da awo ta bar aikinta, shi ya sa tun 2013 kanal ke auna lokacin da kowace katsewa ke ci, ya rage yawan samfurin da kansa in abin ya wuce kima. Shi kuwa OProfile, an cire shi daga kanal a 2021.