Daga Farantin Mai Talla Zuwa Katin Awo



A zamanin kakanninmu, in laulayi ya kama mai ciki, jiƙo ne da sassaƙe, sai abin da ungozoma ta ce. Da kemis suka yawaita a bakin titin Kano zuwa Katsina, masu talla kuma suka shigo kasuwanninmu da ƙwayoyi a faranti, sai magani ya koma kamar gishiri da magi. Ki faɗi launi, ki miƙa kuɗi, a ƙulle miki a leda. Ba mai tambayar ko kina da juna biyu.

Turawa ma sai da suka ji jiki kafin su farga. A 1957 aka fara sayar da wata ƙwaya mai suna Talidomaid a Jamus, ba sai da takardar likita ba. Masu ciki suka riƙa sha don barci da tashin zuciya. Kafin a janye ta a 1961, an haifi jarirai sama da 10,000 a ƙasashe daban-daban da nakasa, wasu hannu dungu, wasu babu ƙafa. Amurka ta tsira da sauƙi saboda mace ɗaya, Dakta Frances Kelsey, da ta ƙi sa hannu a sayar da ita. Daga nan duniya ta gane abin da uwa ta haɗiya, ɗan ciki ma ya sha.

Mu kuma a Najeriya, a 1990 gurɓataccen farasitamol na ruwa ya kashe yara 109 a Jos da Ibadan. A 1993 aka kafa NAFDAC. To amma fa ku lura, lambar NAFDAC a jikin kwali shaida ce an yi wa magani rajista. Ba ta ce ya dace da mai ciki ba.

Ga misali. Kafson nan mai ja da rawaya, tetirasaikilin, yana ɓata haƙoran yaro tun yana ciki. Ibuprofen da Diclofenac da muke sha in baya ya riƙe bayan surfe ko ɗibar ruwa, suna iya taɓa ƙodar ɗan in ciki ya wuce rabi. Haɗin nan na leda kuwa, wa ya san abin da ke ciki?

Shi kansa maganin asibiti da lokacinsa. Iyayenmu sun san Daraprim na ranar Lahadi don rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Yanzu Fansidar ake bayarwa a wurin awo, shi ma sai ciki ya haura wata uku.

Da yawanmu mun yi yaƙi da jahilci, muna iya karanta kwali. Mu ƙara da tambaya. Ki kai kwalin wurin awo ki nuna wa malamar asibiti kafin ki sha. Maigida, in an aike ka kemis, ka faɗa musu mai ciki ce. Kunya ba ta kai ran ɗa ba.

Allah ya sauki masu ciki lafiya.