Sakamakon Gwajin Tayirod da Ya Tsaya a Bakin Iyaka: Jira ko Magani?

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci halin da gwajin jini ke nuna raguwar sinadarin TSH alhali T4 da T3 suna daidai. Matsayarta ita ce, sakamako guda bai isa hujjar fara magani ba. Shekarun majiyyaci da lafiyar zuciyarsa da ƙasusuwansa su ne ma'auni.

1.0 Gabatarwa

Tayirod wata 'yar halitta ce a gaban wuya, wadda idan ta kumbura ake kira maƙoƙo. Ita ke fitar da T4 da T3 masu daidaita bugun zuciya da ɗumin jiki. TSH, wanda ke fitowa daga gindin ƙwaƙwalwa, shi ke zaburar da ita, kuma da zarar ta wuce gona da iri sai ya ja baya. Yawancin ɗakunan gwaji na ɗaukar 0.4 zuwa 4.0 a matsayin daidai. Taƙaddama na tasowa ne kan wanda nasa ya nuna 0.3, yana kukan faɗuwar gaba da zufa da rashin barci, alamomin da damuwa ko ƙarancin jini ma kan haddasa.

2.0 Abin da Hujjoji Suka Nuna

Hujja ta farko ita ce TSH ba ya zama wuri ɗaya. Binciken Meyerovitch da abokan aikinsa a Isra'ila a 2007 ya gano cewa fiye da rabin waɗanda sakamakonsu ya kauce sun dawo daidai da aka maimaita gwaji, ba tare da magani ba. Juna biyu a watanni ukun farko, ciwo mai tsanani da magungunan sitiroyid duk suna danne shi na ɗan lokaci. Ƙwayoyin biyotin da ake sha don gashi da farce kuwa na'urar gwajin suke ruɗawa, abin da Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2017. Haka nan wani babban nazari na Amurka da aka wallafa a 2002 ya nuna TSH na baƙaƙen fata ya ɗan fi na farare ƙasa, don haka iyakar da aka shata da jinin Turawa tana iya mayar da lafiyayye majiyyaci.

Sai dai raguwar da ta ɗore tana da illa. Sawin da abokan aikinsa sun ruwaito a 1994, daga mazauna garin Framingham, cewa masu shekara 60 zuwa sama da TSH ɗinsu bai wuce 0.1 ba sun ninka sauran sau uku wajen kamuwa da hargitsewar bugun zuciya cikin shekara 10, ciwon da kan kai ga shanyewar ɓarin jiki. Ƙashi ma yana zaizayewa, musamman ga matan da suka daina al'ada. Saboda haka ƙungiyar masana tayirod ta Turai a 2015 ta kasa lamarin gida biyu: 0.1 zuwa 0.39, da ƙasa da 0.1. Takwararta ta Amurka a 2016 ta ba da shawarar maimaita gwaji cikin wata 3 zuwa 6, sannan a yi wa mai shekara 65 zuwa sama magani idan ya ɗore ƙasa da 0.1.

3.0 Amsa ga Masu Saɓani

Wasu likitoci na ganin inda gwaji ke da tsada, kuma majiyyaci ba lallai ya dawo ba, gara a ba shi maganin tayirod, kabimazol, tun zuwan farko. Uzurin abin dubawa ne, amma bai tsaya ba. Kabimazol, ko da yake ba kasafai ba, yana rusa fararen ƙwayoyin jini, kuma alamarsa ta farko zazzaɓi ce da ciwon maƙogwaro, wanda a ƙasashenmu nan take za a ce na cizon sauro ne. Yana kuma iya nakasa ɗan tayi a farkon ciki. Wanda ba zai iya dawowa gwaji ba, shi ne ya fi kowa shiga haɗari idan aka ɗora shi kan maganin da ke buƙatar bibiya.

Wasu kuma na cewa jira sakaci ne. Gaskiya ne ga dattijo mai tsohon maƙoƙo mai ƙulle-ƙulle. Irin wannan maƙoƙo kan zabura idan aidin ya wadata, kamar yadda aka gani a Zimbabuwe a shekarun 1990 bayan sanya aidin a gishiri, tsarin da Najeriya ma ta wajabta a 1993, kuma da wuya ya lafa da kansa. Wannan ba ya rushe matsayar maƙalar, ƙarfafa ta yake yi: mutum ake dubawa, ba adadi kaɗai ba.

4.0 Kammalawa

Matashi mai lafiyar zuciya da TSH ɗinsa ke tsakanin 0.1 da 0.39 bibiya yake buƙata. Dattijo, ko mai ciwon zuciya ko raunin ƙashi, da nasa ya ɗore ƙasa da 0.1 ya cancanci magani ba da jinkiri ba. Ya kamata asibitocin koyarwa su auna al'ummominsu su fitar da iyakokin TSH na gida, likitoci kuma su maimaita gwaji kafin su rubuta magani.