Sarkin Ruwa da Amanar Gulbi

A kowace fada ta ƙasar Hausa, idan aka jera masu sarautun sana'a, ana kiran Sarkin Noma, da Sarkin Fawa, da Sarkin Maƙera, da Sarkin Aska, kuma yaro da babba sun san aikin kowanensu. A garuruwan da ke bakin gulbi ko tabki akwai na biyar, wanda birni ya fara mantawa da shi, wato Sarkin Ruwa. A wannan biki na cikar sarauta shekara ɗari ya dace a tuna da shi, domin aikin da aka naɗa shi dominsa yana nan bai ƙare ba.

Ruwanmu ba mai yawa ba ne, shi ya sa tun da can aka san darajarsa. Gulbin Maraɗi yana tasowa daga ƙasar Katsina, ya shigo Nijar da damana, ya ratsa ƙasar Madarumfa, ya wuce Maraɗi da Tsibiri da Gidan Runji, sa'an nan ya koma Najeriya ya haɗu da Gulbin Rima. Watanni kaɗan yake gudu, sauran shekara yashi ne. Abin da ke riƙe kifi da rani shi ne gurabu masu zurfi da tabkuna, kuma babbansu shi ne tabkin Madarumfa, kilomita 20 da ƴan kai kudu da Maraɗi, wanda Gulbin Gabi yake shayarwa, faɗinsa kuma yakan kama daga hekta 600 zuwa 800 gwargwadon lokaci. Wannan gulbi da ake rainawa da rani shi ne ya cinye tsohon garin Maraɗi a 1945, har aka tashi aka koma tudu. Wanda ya zauna kusa da irin wannan ruwa dole ya naɗa masa mai kula.

Jama'a sun fi sanin Sarkin Ruwa da fiton mutane a kan gora idan gulbi ya kawo, da tsamo wanda ruwa ya ci, da sanin makwancin kada. Amma babban ikonsa shi ne na rufe ruwa. Da zarar ruwan farko ya sauko, tarwaɗa takan bi shi ta hau cikin ciyawar fadama ta zuba ƙwai. Namijin karfasa yakan haƙa gurbi a yashin gefe, macen kuma ta ɗauki ƙwai a bakinta har su ƙyanƙyashe. Gaiwa, wadda ta kwashe rani a binne cikin busasshiyar laka, takan fito ta hayayyafa. Duk wanda ya ja taru a wannan lokaci ya kashe kifin baɗi tun yana ƙwai. Magabata ba su karanta wannan a makaranta ba, sun gan shi da idonsu, suka mai da shi doka: daga saukar ruwa har ya ja baya, akwai gurabun da koma ba ta shiga. Wanda ya karya, a ƙwace kayan sunsa, a gurfanar da shi gaban sarki.

Idan rani ya tsaya, ruwa ya taru wuri guda, sai Sarkin Ruwa ya nemi izinin fada, a yi shela a kasuwa, a sa ranar su. Garuruwan kewaye su hallara da koma da gora, ba mai tsoma ƙafa sai an ba da alama. A fitar da rabon sarki da na malamai, kuma gwauruwa da maraya ba su kwana ba miya a wannan rana.

Inda wannan al'ada ta fi fitowa fili shi ne Argungu, kuma ba baƙon ruwa ba ne a gare mu, domin Gulbin Rima da ya karɓi ruwan Maraɗi shi ne yake gangarawa ƙasar Kabi kafin ya faɗa kogin Kwara. Kabawa sun daɗe da bukukuwan gyaran ruwa da fashin ruwa. A 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka binne tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, Sarkin Kabi Muhammadu Sama kuma ya shirya masa babban su na girmamawa. Daga nan bikin ya samo asali, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016. Baƙo yana kallon giwan ruwan da aka fitar daga Matan Fada cikin kimanin sa'a guda. Abin da ba ya gani shi ne watannin da aka hana kowa taɓa wurin, kuma wannan hanin ne ya girmar da kifin.

Zuwan Faransawa ya sauya tushen ikon. Dokar 1928 ta mai da koguna da tabkunan Afirka ta Yamma da ke hannunsu mallakar hukuma, bayan samun ƴancin kai a 1960 kuma gwamnatin Nijar ta gaji wannan tsari. Izinin su ya koma takarda da ake karɓa wurin ma'aikatan gandun daji da ruwa. Mai takarda kuwa, ko daga ina ya zo, yana ganin ba shi da abin tambayar Sarkin Ruwa. A daidai wannan zamani ragar roba ta maye gurbin ta zare, ga araha, ga ƙananan idanu. Fari ya biyo baya a 1973 da 1984, manoma da makiyaya da suka rasa abin hannu suka faɗa wa su ba tare da sun gaji ƙa'idarsa ba. A 1989 aka kammala madatsar ruwa ta Jibiya a saman gulbi, gudun ruwan da ke isowa Maraɗi ya sauya. Saran itatuwa ya sako yashi cikin tabkuna, har aka kai ga tace ruwa da gidan sauro, wanda ba ya barin ko ɗan kifi mai tsawon yatsa.

Hukuma ba ta naɗe hannu ba. An kafa dokar kamun kifi a 1998, an haɗa masunta cikin ƙungiyoyi, ana kuma zuba ƴaƴan kifi a tabkunan jihohin Tawa da Maraɗi da Damagaram. Tabkin Tabalak ya shiga jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2005, Madarumfa da Gidimuni suka bi a 2019. Sai dai ma'aikaci ɗaya a kan babur ba ya iya gadin tabki dare da rana. Hausawa suna cewa kifi na ganinka mai jar koma. Haka ɓarawon ruwa yake ganin ma'aikaci tun daga nesa, amma ba ya iya ɓuya ga maƙwabcin da suke sallar asuba tare. Tabkin da masuntansa suka yarda da lokacin rufewa, suka yarda da faɗin idon raga, kuma fada ta tsaya musu, shi ne wanda kifin da aka zuba yake kai ga girma.

Dokar 2015 a kan matsayin sarakunan gargajiya ta tabbatar musu da ikon sulhu tsakanin talakawansu. Rikicin masunci da mai lambu, ko da makiyayi mai shayar da garke, a zauren sarki yake fara sauka. Saboda haka naɗin Sarkin Ruwa ya cancanci a yi shi da natsuwa: a zaɓi wanda ya san gurabu, wanda masunta ke jin maganarsa, wanda zai iya hana ɗan cikinsa shiga ruwan da aka rufe.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ba mu damana mai albarka, ya cika gulbi da tabki, ya sa jikokinmu su tarar da kifi a cikinsu. Amin.