Koyarwar Kirista Kan Gafara da Baftisma a Tsakanin Maguzawan Ƙasar Kano

A shekarar 1900 ne ayarin Bishop Tugwell ya iso Kano, amma Sarki Alu ya sallame su. Ko bayan cin Kano a 1903, Turawan mulki sun taƙaita wa'azin mishan a ƙasar sarakuna, sai a shekarun 1930 mishan ɗin SIM ya sami gindin zama. Daga nan ne wa'azin ya riƙa kutsawa ƙauyukan Maguzawa na kudancin Kano, yankin da ya haɗa da Rano da Bunkure.

Ginshiƙin koyarwar shi ne zunubi ya raba mutum da Allah, kuma mutuwar Yesu Almasihu ce ta kawo sulhu da gafara ga wanda ya tuba ya ba da gaskiya. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka buga a 1932, ya taimaka ƙwarai, domin kalmomi irin su zunubi da tuba da gafara Bahaushe ya riga ya aro su daga Larabci.

Baftisma kuwa ita ce shaidar tubar a bainar jama'a. A nan ne gizo yake saƙa, domin Bamagujen da ya karɓe ta dole ya bar yanka wa iskoki, abin da kan haɗa shi rigima da dattawan gidansu.