Johann Sebastian Bach (1685–1750): Rayuwarsa, Aikinsa da Gādon da Ya Bar wa Ikilisiya

Johann Sebastian Bach Bajamushe ne, makaɗi kuma mai tsara waƙoƙi, ɗan ikilisiyar Luteran. Masana suna lissafta shi cikin manyan masu tsara kiɗa da aka taɓa yi a duniya. Ya rayu a zamanin da Turawa ke kira Barok, wato daga wajen 1600 zuwa 1750, lokacin da aka fi son kiɗa mai ado, inda muryoyi da dama ke tafiya tare, kowace da hanyarta, suna sarƙuwa kamar zare a hannun masaƙi. Abin da ya sa muke nazarinsa shi ne, yawancin shekarunsa ma'aikacin ikilisiya ne. Aikinsa irin na shugaban mawaƙan da muke da shi ne: ya shirya waƙar Lahadi, ya koya wa yara, ya tsaya a gabansu lokacin sujada.

Haihuwa da ƙuruciya

An haife shi a garin Eisenach ranar 21 ga Maris, 1685, bisa kalandar da ake bi a lokacin. A garin ne Martin Luther ya yi makaranta yana yaro, kuma a ganuwar Wartburg da ke kan tudu kusa da garin ya juya Sabon Alkawari zuwa Jamusanci. Gidan su Bach gidan makaɗa ne tun kaka da kakanni, kamar yadda muka san gidajen da suka gaji kiɗa a ƙasar Hausa. Mahaifinsa, Johann Ambrosius, shi ne shugaban makaɗan gari.

Mahaifiyarsa ta rasu a 1694, mahaifinsa ya bi ta a 1695. Kafin ya cika shekara 10 ya zama maraya. Wansa Johann Christoph, mai kaɗa ogan a Ohrdruf, ya ɗauke shi ya koya masa. Ogan kuwa babban abin kiɗa ne na majami'a, mai bututu masu yawa da ake hura wa iska, ana kaɗa shi da hannu da ƙafa. A 1700 ya tafi makaranta a Lüneburg, inda muryarsa ta samar masa abinci da wurin kwana da karatu.

Wuraren da ya yi aiki

A 1703, yana ɗan shekara 18, aka ba shi ogan na wata majami'a a Arnstadt. A 1705 ya nemi hutun mako huɗu domin ya je Lübeck ya saurari tsohon gwani Dietrich Buxtehude. Tafiyar ta kai kusan kilomita 400, kamar daga Sakkwato zuwa Zariya, kuma a ƙafa ya yi ta. Sai da ya shafe kusan wata huɗu kafin ya dawo. Shugabannin ikilisiya suka tsawata masa a kan haka, suka kuma zarge shi da cewa yana cusa baƙin sautuka cikin waƙoƙi har jama'a su rikice.

Ya koma Mühlhausen a 1707, shekarar da ya auri Maria Barbara, sannan ya shiga aiki a fadar Weimar a 1708. A wancan zamani makaɗin fada bara ne na ubangidansa. Da ya nace sai an sallame shi a 1717, sarkin ya kulle shi kusan wata guda kafin ya sake shi. Daga nan ya tafi fadar Yarima Leopold a Köthen. Fadar tana bin koyarwar Calvin, ba a yin kiɗa mai yawa a sujada, don haka ya fi tsara na kayan kiɗa zalla. A 1720, yana kan tafiya da Yarima, matarsa ta rasu. Ya dawo ya tarar an riga an binne ta. A 1721 ya auri mawaƙiya Anna Magdalena. 'Ya'ya 20 aka haifa masa, amma 10 ne kaɗai suka girma.

Leipzig: waƙa sabuwa kowace Lahadi

A 1723 majalisar birnin Leipzig ta ɗauke shi shugaban mawaƙa na makarantar majami'ar Toma. Ba shi aka fara nema ba. Sai da Telemann ya ƙi, ubangidan Graupner kuma ya hana shi zuwa, sannan aka juyo kansa. Ya riƙe aikin shekara 27, yana koyarwa a makaranta, yana kuma kula da waƙa a majami'u huɗu na birnin.

Babban aikinsa a nan shi ne kantata. Wannan waƙa ce ta kimanin minti 20 zuwa 30, wadda ake yi bayan karatun Bishara, kafin wa'azi. Galibi ƙungiyar mawaƙa ce ke buɗe ta, sau da yawa da ayar Littafi Mai Tsarki. Masu murya ɗaya-ɗaya su biyo da bayani da tunani a kan ayar. A rufe da baitin waƙar da dukan jama'a suka sani. Kowace kantata tana ɗaure da karatun wannan Lahadin, har ta zama tamkar wa'azi na farko da ke share wa mai wa'azi hanya. A shekarunsa na farko a Leipzig kusan kowane mako sai ya kawo kantata: ya tsara, a kwafe wa kowa rabonsa da hannu, a yi gwaji, a rera. Kimanin 200 ne suka iso gare mu, da yawa sun ɓace.

Domin Jumma'ar da muke tunawa da mutuwar Ubangiji ya tsara labarin shan wuyar Almasihu bisa ga Yohanna a 1724, da kuma bisa ga Matta a 1727. Na Matta yana bin sura 26 da 27, yana ɗaukar kusan sa'a uku, da ƙungiyoyin mawaƙa biyu. A cikinsa za mu ga yadda kiɗa ke fassara Nassi. Duk inda Yesu ya yi magana, kayan kiɗa masu tsirkiya, dangin goge, suna kewaye muryarsa da sauti mai laushi. Amma a wurin da ya yi kuka a kan gicciye cewa an yashe shi, sai su yi tsit. Bayan musun Bitrus kuma, sai murya ɗaya da goge ɗaya su ɗauki roƙon jinƙai, domin mai sauraro ya ga kansa a cikin Bitrus.

Aikin bai zo masa da sauƙi ba. A 1730 ya rubuta wa majalisar birni kuka a kan ƙarancin mawaƙa da makaɗa, ya ce cikin ɗalibai 55, 17 ne kaɗai suka isa aiki.

Bangaskiyarsa

A farkon takardun waƙoƙinsa da yawa yakan rubuta J.J., taƙaitaccen Latin mai ma'anar roƙon taimakon Yesu. A ƙarshe ya sa S.D.G., wato ɗaukaka ga Allah kaɗai. Littafi Mai Tsarki nasa mai sharhin Calov, wanda ya sa wa hannu a 1733, yana ajiye a makarantar tauhidi ta Concordia a St. Louis, Amurka. A gefen 1 Tarihi sura 25, inda Dawuda ya keɓe mawaƙan Haikali, ya rubuta cewa surar ce tushen duk kiɗan ikilisiya da Allah ke jin daɗinsa. A gefen 2 Tarihi 5:13 ya nuna cewa inda ake kiɗa da ibada, Allah yana nan da alherinsa.

Ƙarshen rayuwa da gādo

Idonsa ya raunana a tsufansa. A 1750 wani likita Bature ɗan Ingila, John Taylor, ya yi masa aiki sau biyu, ba a dace ba. Ya rasu ranar 28 ga Yuli, 1750, yana da shekara 65. Matarsa ta ƙare kwanakinta cikin talauci, ta rasu a 1760.

Bayan mutuwarsa aka ɗauki salonsa tsohon yayi. 'Ya'yansa Carl Philipp Emanuel da Johann Christian suka fi shi suna, ko da yake gwanaye irin su Mozart da Beethoven sun yi nazarin ayyukansa. A 1829 Felix Mendelssohn, saurayi ɗan shekara 20, ya jagoranci rera labarin shan wuyar bisa ga Matta a Berlin, daga nan duniya ta farga. A 1850 aka kafa ƙungiyar da ta buga dukan ayyukansa, waɗanda suka haura 1,000. Tun 1950 kabarinsa yana cikin majami'ar Toma. Har yau masu koyon haɗa muryoyi huɗu a makarantun kiɗa da nasa suke farawa.

Abin koyi gare mu

Ba lallai ne mu kwaikwayi kiɗan Jamus ba. Bach ya yi aiki da harshen mutanensa da waƙoƙin da suka sani, mu ma muna da ganga da kalangu da shantu da Hausarmu. Abin da ya kamata mu ɗauka shi ne tsarin aikinsa. Na ɗaya, waƙar Lahadi ta tafi tare da Nassin da za a yi wa'azi a kai. Wannan yana bukatar fasto da shugaban mawaƙa su zauna tun farkon mako. Na biyu, kiɗa kada ya danne kalmomi ko ya bar jama'a a baya. Ƙorafin dattawan Arnstadt yana da wurinsa, musamman yau da lasifika ke rufe muryar ikilisiya. Na uku, ƙwarewa ma hidima ce, kuma sai an koya. Na huɗu, dattawa su duba yadda suke riƙe mawaƙa da matasa da zumuntar mata: lokacin gwaji, kayan aiki, da horon yaran da za su gaje su. Leipzig ta sami gwanin da babu kamarsa, amma sai da ya roƙi isassun mawaƙa. Ya kamata kowace majalisar ikilisiya ta tambayi shugaban mawaƙanta abin da yake bukata tun kafin ya kawo kuka.